Kafin ka cire batirin dalma ka sa na litiyam a jirgin da ka haɗa da hannunka

Nauyi ne ke fara jawo hankalin masu haɗa ƙananan jiragen sama zuwa batirin litiyam. Batirin dalma irin Odyssey PC680, wanda ya cika jiragen haɗin gida, yana da kilo 7. Na litiyam da ake yawan sa wa a gurbinsa, kamar EarthX ETX680, bai cika kilo 2 ba. Kilo 5 ke nan suka sauka daga jirgi a aikin yini guda, kuma duk wanda ya taɓa haɗa jirgi mai kujera biyu ya san wahalar da ake sha kafin a rage ko da rabin kilo. Ga shi kuma yana juya kik da sauri, wuta ba ta faɗuwa sosai lokacin tayar da inji, saboda haka allon na'urorin matuƙi ba ya mutuwa ya sake tashi. Idan an ajiye jirgi wata biyu ba a taɓa shi ba, a dawo a tarar da cajinsa kusan yadda aka bar shi.

Duk wannan gaskiya ne. Inda ake kuskure shi ne ɗaukar aikin a matsayin cire wannan sa wancan. Tsarin wutar jirginka an gina shi ne bisa halin batirin dalma, kuma na litiyam yana da nasa halin daban wajen shan caji, wajen ƙarewa, da wajen zafi. Altaneta mai caja batir, da regileta mai daidaita wutar da yake bayarwa, da fitilar gargaɗi duk sai an sake duba su.

A fara da irin batirin. Kalmar litiyam ta ƙunshi sinadarai iri-iri, kuma wanda ya dace da ƙaramin jirgi shi ne mai ƙarfe da fosfet, wanda ake rubuta wa LiFePO4. Wanda ke cikin yawancin wayoyin hannu mai kobalt ne, ya fi ɗaukar wuta a ɗan nauyi, amma ya fi saurin shiga halin da zafi ke haifar da ƙarin zafi har sel, wato ɗaya daga ƙananan sassan da ke riƙe wuta a cikin batir, ya kama da wuta ya kunna na kusa da shi. Irinsa ne aka sa a jiragen Boeing 787. A watan Janairun 2013 ɗaya ya kama da wuta a jirgin da ke ajiye a filin jirgin Boston, bayan kwana tara wani ya sa jirgi saukar gaggawa a Takamatsu ta Japan, aka dakatar da jiragen gaba ɗaya har zuwa watan Afrilu. Cikin gyaran da aka yi har da akwatin ƙarfe da bututun da ke fitar da hayaƙi waje. LiFePO4 sai ya kai zafi mai yawa fiye da haka kafin ya ɓalle, kuma ba ya sakin iskar oksijin cikin sauƙi. Sai dai idan aka yi masa cajin da ya wuce kima, shi ma yana kumbura ya fesar da hayaƙi fari mai kauri, mai guba, mai iya kamawa da wuta. A ɗakin matuƙi da bai fi faɗin kujera biyu ba, hayaƙin kaɗai ya isa ya hana mutum ganin gabansa.

A cikin batirin akwai sel huɗu a jere, kowanne volt 3.2 zuwa 3.3. Idan ya cika ya huta za ka auna volt 13.3 ko sama kaɗan, alhali na dalma yana tsayawa a 12.6 zuwa 12.8. Cajinsa yana so tsakanin 13.9 da 14.6, don haka regileta da aka saita a 14.2 ta yi daidai. Kada ka yarda da lambar da ke allon jirgi kawai. Ɗora mita mai kyau a kan batir ɗin kansa inji yana gudu, domin bambancin volt 0.3 tsakanin allo da kan batir ba baƙon abu ba ne, kuma a nan 0.3 ɗin yana da tasiri.

Kada ka sayi wanda ba shi da BMS a ciki, wato allon lantarki da ke daidaita sel huɗun, ya hana cajin da ya wuce kima, ya kuma yanke wuta idan batir ya kusa ƙarewa ko waya ta haɗu. Amma ka riƙe a ranka cewa aikin BMS kare batir ne. Bai san kana sama ba, bai kuma san injinka da wutar yake rayuwa ba. Yawancin matsalolin da ke biye daga wannan suka taso.

Tayar da injin Lycoming mai silinda huɗu yana jan wajen amp 200 na daƙiƙa biyar, wanda bai kai amp-awa 0.3 ba (amp-awa shi ne amp sau awa, ma'aunin wutar da batir ke ɗauka). Ɗan kaɗan ne. Amma da zarar inji ya kama ka kunna altaneta, dubi agogon amp: allura za ta haura 40, 50, har ta kai iyakar abin da altaneta zai iya, ta zauna can ɗan lokaci, sannan ta gangaro da sauri. Batirin dalma yana da turjiya a cikinsa wadda ke rage masa shan caji. Na litiyam turjiyarsa ƙarama ce ƙwarai, duk abin da aka ba shi karɓa yake yi. Shi ya sa ake zaɓen girman batir da girman altaneta, ba da ƙarfin juya kik kaɗai ba. Masu ƙera ETX680 mai amp-awa 12.4 sun ƙayyade shi ga altaneta da bai wuce amp 60 ba, ETX900 kuma amp 80. Ƙaramin batirin babur mai amp-awa 4 ko 5 zai iya tayar da injinka sarai, amma idan altaneta mai amp 60 ya ɗura masa wuta, ya sha fiye da ninki goma na girmansa, kuma kowane tashi yana rage masa kwana.

Shi ma altaneta yana jin jiki. Yana ba da dukkan ƙarfinsa ne a daidai lokacin da jirgi ke ƙasa, inji na gudu a hankali, iska ba ta ratsa murfin inji sosai. Ja masa ɗan bututun iska zuwa bayansa inda dayod suke. Duba bel. Wayar da ta fito daga gare shi ta zama lamba 6 ko aƙalla lamba 8 a ma'aunin kaurin waya na AWG idan mai amp 60 ne. Idan kuma bireka mai amp 60 ce a kan wannan layi, ka sa ran za ta riƙa faɗuwa ba gaira ba dalili, domin altaneta mai sanyi yana wuce lambar da aka rubuta masa. A ƙara mata girma daidai da kaurin waya, ko a sa fis irin ANL mai jure ɗan ƙari.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci, wanda idan babu shi ban ga dalilin ci gaba da aikin ba: kariya daga hauhawar wuta. Regileta takan lalace ta hanyar da za ta saki wuta gaba ɗaya zuwa fil ɗin altaneta, wato naɗin wayar da ke ba shi maganaɗisu. A gudun inji na tafiya, altaneta da aka sake haka zai iya haura volt 60 har ya doshi 100 idan babu abin da ya danne shi. Batirin dalma yana danne shi na ɗan lokaci. Yana shanye rarar, yana zafi, yana tafasa, wuta na hawa 16, 17, 18 a hankali, matuƙi ya samu daƙiƙoƙin da zai kai hannu ya kashe altaneta. Na litiyam kuwa, da wuta ta kai wajen volt 15.5 zuwa 16, BMS zai rufe ƙofar caji don ya tsira da sel ɗinsa. Daga wannan lokacin babu mai dannewa. Wutar za ta tafi kai tsaye kan rediyo da allo da kwamfutar inji cikin ƙiftawar ido, kafin hannun kowa ya motsa. Idan ta wuce abin da sassan BMS ke iya jurewa, shi ma ya ƙone, sel su shiga shan cajin da zai fasa su.

Maganin ƙaramar na'ura ce da ke sa ido a kan layin wuta. Da wuta ta haura wajen volt 16, sai ta haɗa wayar fil da jikin jirgi da gangan, bireka mai amp 5 ta faɗi, altaneta ya mutu cikin ɗan yanki na daƙiƙa. Regiletocin kamfanin B&C na waje da altanetocin Plane Power suna zuwa da ita a ciki. Inda haɗarin yake shi ne altanetan mota mai regileta a ciki, wanda masu haɗa jirgi da yawa ke ɗorawa. Da dama daga cikinsu, da zarar sun fara ba da wuta, kashe ƙaramar wayar kunnawa ba ya tsayar da su, balle idan regiletar ce ta lalace. Irin wannan ko dai a buɗe shi a mayar da shi mai regileta ta waje, ko a canza shi. Na fi son a canza. Kuma kariyar da ba a gwada ba, ba a san tana aiki ba: cire ta, haɗa ta da na'urar ba da wuta ta kan tebur da ƙwan fitila a jere, ka riƙa ƙara wuta sannu a hankali har ta kama, ka rubuta lambar da ta kama a kai. A maimaita duk shekara.

Masu injin Rotax 912 UL da ULS lamarinsu ya ɗan bambanta. Janaretansu na cikin inji mai maganaɗisu ne na dindindin, wat 250, wato amp 18 ko kusa da haka. Ba shi da fil da za a kashe, don haka kariyar sai ta zama rile, wato makunnin da wuta ke sarrafawa, da ke raba regileta da layin jirgi. Regiletar wannan inji zafi ne babban abokin gabarta, kuma batirin da ke jan iyakar ƙarfinta bayan kowane tashi yana ƙara mata. A ɗaura ta inda iska ke bugawa, a matse filoginta sosai, domin sako-sakon haɗi a nan ne ke fara narkar da roba. Kafasita mai mikrofarad 22,000 da volt 25 da littafin injin ya ce a sa, kada a bar ta. Idan BMS ya cire batir daga layi, ita kaɗai ta rage tana lafar da wuta.

Sai batun yadda yake ƙarewa. Batirin dalma yana sanar da kai: wuta na sauka kaɗan-kaɗan, fitilu su dushe, rediyo ya fara shaƙewa in ka danna magana, amma famfon mai na ci gaba da juyawa ko da a raunane. Na litiyam yana riƙe volt 13.2 zuwa 13.0 kusan duk tsawon aikinsa kamar babu abin da ya faru. Lokacin da ka ga 12.8, abin da ya rage bai fi kashi ɗaya cikin biyar ba. Daga nan gangarar tana da sauri, kuma a wajen volt 11 BMS zai yanke komai lokaci guda.

Wannan ya shafi fitilar gargaɗi kai tsaye. A jirage da yawa an saita ta ta kama a volt 13.0 ko 12.5, domin idan altaneta ya mutu batirin dalma nan take yake faɗowa ƙasa da 13. Bar ta a haka da batirin litiyam, bel ya tsinke, za ka yi ta tafiya rabin awa ko fiye kana cin batir ba ka sani ba, fitila ta kama bayan an cinye mafi yawansa. A mayar da ita 13.5. Altaneta mai lafiya yana riƙe layi sama da haka, batir shi kaɗai kuma ba zai iya ba, don haka za ta kama cikin ɗan lokaci kaɗan. Idan batirin yana da wayar nuna matsala, ja ta zuwa fitila a gaban matuƙi ko zuwa allon Dynon ko Garmin, ka kuma manna ma'anar kowane irin ƙyaftawa kusa da ita.

Ga injin da ke da maganeto biyu, masu samar wa fulogi wuta ba tare da batir ba, da kafireta da famfon mai na jikin inji, mutuwar batir asarar rediyo da allo ce, inji zai ci gaba da gudu. Ga injin da ke da allurar mai ta lantarki da wutar fulogi ta lantarki gaba biyu, mutuwar batir bayan altaneta mutuwar inji ce. Mai irin wannan jirgi dole ya zauna da takarda da biro. A ɗauka famfon mai yana jan amp 5, kwamfutar inji da allurai da koyil suna jan 6, allo ɗaya 2, rediyo da na'urar amsa rada 2. Amp 15 ke nan, kuma babban kontaktan batir, wato makunnin da ke haɗa batir da layin jirgi, shi kaɗai yana cin kusan amp 1. Batir mai amp-awa 12.4, idan aka lissafa shi a kashi 80 cikin 100 saboda tsufa, ya koma 9.9. Raba da 16, ka samu minti 37, ba a cire lokacin da za ka ɗauka kafin ka lura ka kashe abubuwan da ba dole ba. Tsohuwar ƙa'idar Amurka ta ƙananan jirage masu lasisi tana neman minti 30, amma wannan mafi ƙaranci ne, kuma ba ya kai mutum ko'ina idan yana saman duwatsu ko ruwa. A irin wannan jirgi batir ɗaya da altaneta ɗaya bai isa ba a ganina. A sa ƙaramin altaneta na biyu, ko batir na biyu da ke ciyar da layin inji ta hanyarsa daban, ta yadda kariya ɗaya ba za ta iya kashe duka biyun ba.

A kula da lambar da ke jikin kwali. Wasu batiran babur suna rubuta amp-awa da alamar PbEq, ma'ana kwatankwacin na dalma wajen tayar da inji. Ainihin abin da ke ciki yakan zama kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan lamba. Wanda aka rubuta wa 18 yana iya zama 6. Da ainihin lambar ake lissafin lokaci.

Wurin ɗaurawa zaɓi ne tsakanin zafi da hayaƙi. A gaban katangar da ta raba inji da ɗakin matuƙi, idan ya fesar da hayaƙi waje zai bi, amma akwai zafi, kuma iyakar yawancinsu digiri 60 ne na salshiyos. Zafin da ya fi tsanani ba a sama ake samunsa ba, yana zuwa ne minti goma zuwa ashirin bayan an kashe inji, lokacin da iska ta tsaya silinda da salansa suka ci gaba da huci a ƙarƙashin murfi. Manna takardar auna zafi mai canza launi a jikin batir ta ɓangaren da ke fuskantar salansa, ka yi tashi a rana mai zafi, ka duba bayan jirgi ya huce. Idan ta nuna kusa da 60, a sa garkuwar zafi da bututun iska, a riƙa buɗe ƙofar duba mai bayan sauka. A cikin ɗakin matuƙi ko bayan wurin kaya kuwa, sai irin wanda aka rufe ruf yana da bututun fitar da hayaƙi, a fitar da bututun ta ƙasan jirgi inda iska ba za ta mayar da shi ciki ba.

Sabon batir ya fi tsohon akwatinsa ƙanƙanta. Kada a bar shi yana wasa a ciki. A cike gefe da soso mai tauri wanda ba ya kamawa da wuta, ko a ƙera sabon maɗauri da zai riƙe aƙalla ninki 9 na nauyinsa ta gaba. Manyan wayoyi a ɗaure su kusa da batir don kada nauyinsu da girgiza su riƙa jan kan batir. A rufe kan mai alamar tarawa da hular roba. Lokacin aiki a fara cire wayar jiki, wato ta kan mai alamar ɗebewa, ita kuma za a mayar a ƙarshe, a cire zobe da agogon hannu. Sifana da ta haɗa kan batir da jikin jirgi tana iya yin ja wur kafin kariya ta kai ga yankewa.

Kilo biyar ɗin da suka tafi sun tafi da ma'aunin jirgi. Lissafin mai sauƙi ne: nauyin da aka cire, sau nisansa daga cibiyar nauyi, a raba da sabon nauyin jirgi. A jirgi mai kilo 500, cire kilo 5 daga mita ɗaya gaban cibiya yana mayar da ita baya da santimita 1. Kamar ba komai, amma faɗin iyakar da aka yarda a irin waɗannan jirage wajen santimita 20 ne ko ƙasa da haka, kuma jirgi irin RV-7 mai farfela marar nauyi dama yana kusa da iyakar baya idan an cika wurin kaya mai ya yi ƙasa. RV-10 kuma batirinsa a baya yake, can bayan wurin kaya, yana taimakawa wajen daidaita nauyin inji. Cire kilo 9 daga mita 2 bayan cibiya a jirgi mai kilo 750 yana tura ta gaba da kusan santimita 2.4, kuma matuƙi shi kaɗai zai ji hanci ya yi nauyi wajen sauka. Idan har sai ka sa dalma a wutsiya don gyara wannan, ribar nauyin ta tafi. A sake lissafa duk yanayin lodi, a sabunta takardar nauyi.

A sanyi ƙasa da digiri 0 yana yin kasala, juyin farko ya zo a raunane. Jan wuta yana ɗumama shi daga ciki, don haka na biyu yakan fi na farko ƙarfi, akasin na dalma. Kunna abin da ke jan wuta sosai na minti ɗaya, kamar hitar bututun auna gudu, domin fitilun LED ba sa jan abin kirki. Juya kik daƙiƙa biyar zuwa goma, huta minti ɗaya, sake gwadawa. Caji mai ƙarfi a kan sel da ya daskare yana lalata shi har abada, shi ya sa ɗumama inji da batir kafin tashi ya fi.

Cajar gida ta zama ta LiFePO4. Cajar batirin dalma mai tsarin farfaɗo da tsohon batir tana harba wuta sama da volt 15, kada ta kusance shi. Idan an manta makunni a kunne har BMS ya yanke, kada a tayar da jirgi da batirin mota a tashi. Za ka tashi da batir fanko, altaneta yana ɗura masa iyakar ƙarfinsa, ba ka da ajiyar komai. A caja shi a ƙasa, a hankali, ana taɓa jikinsa. Wanda ya kumbura ko yake wari mai zaƙi-zaƙi irin na sinadari, a fitar da shi waje nesa da jirgi, aikinsa ya ƙare.

Ta fuskar doka, a Amurka jirgin haɗin gida yana ƙarƙashin rukunin gwaji, kuma takardar sharuɗɗan aikinsa ce ke faɗin abin da za a yi idan canji ya kai babba, wanda yakan haɗa da komawa tashin gwaji na aƙalla awa 5. A Birtaniya ƙungiyar masu ƙananan jirage ta LAA ce ke duba irin waɗannan canje-canje. Batiran da aka yi wa jirage masu lasisi ana gwada su da ma'aunin DO-311A, kuma ko dokar ba ta tilasta maka ba, yana da kyau ka san ko naka ya bi ta wannan gwaji.

Saurin juya kik ba ya nuna lafiyar batirin litiyam. Wanda ya rasa rabin cikinsa zai tayar da inji garau. Hanyar sani ita ce gwajin awo duk shekara: caja shi ya cika, ɗora masa lodi daidai da wanda ka lissafa, ƙwayayen fitilar mota uku ko huɗu masu wat 55 sun isa, sa mita ta amp a jere, ka kunna agogo. Tsaya a volt 12 ko inda littafinsa ya ce, kada ka jira BMS ya yanke. Amp sau awa shi ne abin da ke ciki. Rubuta shi a littafin jirgi kusa da na bara, sake caja shi nan take, kuma ranar da lambar ta sauka ƙasa da kashi 80 cikin 100 na asali, a sauke shi daga jirgi.